Farin Ciko: Yadda Ake Gyara Haƙorin da Ya Ruɓe ko Ya Karye

Idan rumbu ya tsage, manomi ba ya rushe shi. Yakan kwaɓa ƙasa ya yaɓe wurin tun damina ba ta faɗi ba. Idan ƙwarya ta tsage, akan kai wa gyartai ya ɗinke ta. To, haƙori ma ana gyara shi. Amma a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, mutane da yawa sun ɗauka cewa haƙori mai ciwo ba shi da magani sai cirewa.

A ɗauki misalin magidanci a Jama'a. Ya ga ɗan baƙin ɗigo a turminsa tun da bazara. Bai damu ba, tun da babu ciwo. Da damina ta yi nisa, in ya sha ruwan randa sai ya ji tsam har ƙwaƙwalwa. Ya sayi ƙwaya a kemis ya sha. Da kaka ta yi, ana tsakiyar yankan dawa, sai kumatunsa ya kumbura. Ya kwana uku bai runtsa ba, bai je gona ba. Daga ƙarshe aka cire haƙorin. Ya yi asarar kwanakin aiki, ya kashe kuɗi, ga kuma giɓi. Da ya je asibiti tun da bazara, da an cike ɗan ramin cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba.

Yadda Haƙori Yake

Babban mutum yana da haƙora 32. Yaro kuwa haƙoran farko 20 yake yi. Yakan fara famfara yana ɗan shekara 6, wasu su fito a madadinsu. Waɗannan na biyu su ke nan har tsufa. In ɗaya ya fita, wani ba zai tsiro ba.

Haƙori hawa uku ne. Na farko shi ne farin ɓawon da ido ke gani. Babu abin da ya kai shi tauri a duk jikin ɗan Adam, har ƙashi. Na biyu yana ƙarƙashin ɓawon. Shi bai kai ɓawo tauri ba, kuma yana jin sanyi da zafi. Na uku shi ne can tsakiya, inda jijiya da hanyoyin jini suke. A nan ne ran haƙori yake.

Abin lura shi ne, ɓawon haƙori ba ya tofowa. Fata in ta yanke takan haɗe. Ƙashi in ya karye, maɗori ya ɗora, yakan kama. Amma haƙori in ya yi rami, ramin ba ya cikewa da kansa. Sai dai ya yi ta faɗi.

Me Ke Huda Haƙori?

An daɗe ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa suna fitar da ita. Likitoci sun duba haƙora masu ɗimbin yawa da madubin ƙara girman abu. Babu tsutsa a ciki.

Ga abin da ke faruwa. A bakin kowane mutum akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Abincinsu shi ne sukari. Duk lokacin da aka sha alewa, ko rake, ko mazarƙwaila, ko shayi mai zaƙi, ko lemon kwalba, su ma sun samu nasu. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan tsamin shi ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali, kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ɓawo ya huje, ruɓa takan yi sauri a ciki.

Wannan cuta ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce mutum wajen biliyan 2 ne ke da ruɓaɓɓen haƙori a duniya, ban da yara fiye da miliyan 500 da haƙoransu na farko suka ruɓe.

Ban da ruɓa, haƙori yana karyewa. Faɗuwa daga babur ko keke tana jawo haka. Haka nan buɗe kwalba da haƙori, ko fasa ƙwallon goruba, ko tauna tsakuwa a cikin shinkafa ko wake.

Ciko Iri Uku

Cike haƙori shi ne a ƙwaƙule inda ya ruɓe, a toshe ramin da wani abu mai tauri. Abin da aka fi amfani da shi iri uku ne.

Na farko shi ne baƙin ciko, wanda likitoci ke kira amalgam. Ana haɗa shi da garin azurfa da wasu ƙarafa da kuma zaiba. Kusan rabinsa zaiba ce. An fi shekara 150 ana aiki da shi. Yana da ƙarfi, yana daɗewa, yana da sauƙin kuɗi. Amma launinsa na ƙarfe ne, ba ya kyau a gaban baki.

Na biyu shi ne farin ciko, wanda likitoci ke kira kwamfozit. Shi ne ake bayani a kansa a yau.

Na uku wani farin siminti ne na haƙori da ake kira gilas-ayonoma. Bai kai sauran biyun ƙarfi ba. Amma ana iya sa shi ko babu lantarki, da 'yan kayan aiki na hannu. An fara gwada wannan hanya a ƙasar Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, domin ƙauyukan da ba su da wuta. Yana da amfani ƙwarai ga haƙoran yara.

Mene Ne Farin Ciko?

Farin ciko haɗi ne na abu biyu: wani irin danƙo na roba, da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Kafin a sa shi, yana da taushi kamar kwaɓaɓɓen fulawa. Likita na iya murza shi ya yi kowace irin siffa. In aka haska masa wata shuɗiyar fitila, sai ya daskare nan take ya yi tauri.

Likitoci biyu na ƙasar Amurka ne suka share hanyarsa. A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa in an shafa wa ɓawon haƙori ɗan ruwa mai tsami, yakan yi kaushi, roba ta kama shi da kyau. A 1962 kuma Rafael Bowen ya samar da danƙon da har yau ake haɗa yawancin farin ciko da shi. Tun daga nan ake ta inganta shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Farin ciko yana da fa'ida uku. Ta farko, launinsa irin na haƙori ne. In gwani ya yi aikin, ko mai kallo ya matso kusa da ƙyar zai gane. Ta biyu, manne wa haƙori yake yi kamar gam. Saboda haka likita ba ya buƙatar ya faɗaɗa ramin sosai. Inda ya ruɓe kawai zai cire, ya bar mai lafiya. Ta uku, ana iya gina haƙorin gaba da ya ɓalle da shi. Budurwar da ta faɗi ta karya haƙori, ta koma rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, ana iya mayar mata da haƙorinta yadda yake a zama ɗaya. Ɗan makarantar da aka sa wa suna saboda guntun haƙori, shi ma haka.

Kada a haɗa shi da haƙorin Makka. Haƙorin Makka hula ce ta zinariya ko azurfa da ake kifa wa haƙori domin ado. Farin ciko kuwa magani ne.

Yadda Ake Yin Aikin

Tsoro ne ke hana wasu zuwa. To, ga yadda aikin yake daki-daki.

1. Likita zai duba bakin da ɗan madubi. Wani lokaci zai ɗauki hoton haƙorin domin ya ga zurfin ramin.

2. In ramin ya yi zurfi, zai yi allura a dasashi. Wurin zai mutu na ɗan lokaci, ba za a ji zafin aikin ba.

3. Zai ƙwaƙule duk inda ya ruɓe da wani ɗan ƙaramin inji mai ƙara da feshin ruwa.

4. Zai gwada launuka ya zaɓi wanda ya dace da sauran haƙoran mutum.

5. Zai kewaye haƙorin da auduga ko wata 'yar shimfiɗar roba domin kada yawu ya taɓa shi.

6. Zai shafa ruwan tsamin nan na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, sannan ya shafa gam.

7. Zai riƙa sa cikon kaɗan-kaɗan, hawa-hawa, kamar yadda magini ke ɗora tubali. Kowane hawa sai ya haska masa shuɗiyar fitila na kamar daƙiƙa 20 zuwa 40. Fitilar ba ta ƙuna, amma ba a ƙura mata ido.

8. Zai ba mutum wata 'yar takarda mai launi ya ciza. Inda cikon ya yi tudu zai nuna, sai ya rage shi. Daga nan ya goge shi ya yi santsi.

Haƙori ɗaya yakan ci rabin awa zuwa awa ɗaya. Ba a kwana a asibiti. Wanda ya fita da safe zai iya komawa gida a ranar.

Kafin a fara, a gaya wa likita gaskiya. Mai juna biyu ta faɗa. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya ya faɗa. A faɗi irin magungunan da ake sha. A kuma faɗi abin da aka taɓa cusawa a ramin, ko da kanumfari ne.

Bayan An Gama

Farin ciko yana daskarewa tun mutum yana kan kujera. Amma a dakata da cin abinci sai allurar ta sake, wato bayan awa biyu ko uku. In ba haka ba, mutum zai iya tauna harshensa ko leɓensa bai sani ba. A lura da yara sosai a wannan lokaci.

Haƙorin zai iya jin sanyi na 'yan kwanaki ko mako biyu. Wannan ba abin damuwa ba ne. Amma in mutum ya ji haƙorin ne ke fara karo da ɗan'uwansa in ya rufe baki, to cikon ya yi tudu. Ya koma a rage. Aikin minti kaɗan ne. In kuma ciwo yana ƙaruwa, ko yana hana barci, a koma ba tare da jinkiri ba.

Wasu sukan tambaya ko ciko yana hana alwala. Ba ya hanawa. Ana kurkure baki a yi aswaki kamar kullum.

Inda Farin Ciko Ya Gaza

Kowane abu da iyakarsa. Farin ciko ya fi baƙi tsada, domin kayansa daga waje ake kawo su, kuma aikinsa ya fi cin lokaci. Ba ya son jiƙa. In yawu ya shiga lokacin da ake sa shi, ba zai kama da kyau ba. Shi ya sa yake buƙatar ƙwararren hannu. A babban rami na turmi, inda ake tauna mai ƙarfi, baƙin ciko yakan fi shi daɗewa.

Yana kuma rinewa. Goro, da taba, da fure, da baƙin shayi suna canja masa launi a hankali. Mai cin goro ya riƙa kurkure baki bayan ya ci.

Ciko ba na har abada ba ne. Wanda aka yi da kyau, aka kuma kula da shi, yakan yi shekaru da yawa, wani har ya haura goma. Amma zai iya tsagewa ko ya fita. Ruɓa kuma za ta iya komawa ta gefensa in ba a tsabtace baki. In ya fita, kada a bar ramin a buɗe.

Babbar magana ita ce wannan: ciko yana amfani ne kafin ruɓa ta kai ga jijiya. In ta kai, ciko kaɗai ba ya isa. Sai dai a cire jijiyar, a wanke cikin saiwar, a toshe. Wannan aiki yana da tsada, kuma akan yi zuwa biyu ko uku. In haƙorin ya lalace ƙwarai, sai cirewa. Cirewa kuwa tana da nata wahalar. Haƙoran da ke gefen giɓin sukan karkato. Tauna takan yi wuya. Tsoho marar turame ba ya jin daɗin nama, ko gyaɗa, ko ɗanyen rogo.

Alamun da Za a Lura da Su

Lokacin ciko ya yi idan an ga ɗayan waɗannan:

Baƙin ɗigo ko ɗan rami a haƙori.
Abinci yana yawan maƙalewa a wuri ɗaya.
Jin tsam in an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi, ya kuma wuce nan da nan.
Haƙori ya ɓalle, bakinsa yana yankar harshe.

Akwai kuma alamun haɗari. In fuska ta kumbura, ko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, to a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ruɓar haƙori tana iya yaɗuwa zuwa wuya ta toshe numfashi. Tana kisa.

Abubuwan da Ba A Yi

Kada a ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko turare a ramin haƙori. Suna ƙona dasashi da harshe. Kada a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ita ma tana ƙona shi. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe rami. In ciwo ya ɗauke da kansa bayan ya daɗe yana damun mutum, ba warkewa ba ce. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓa kuma tana ci gaba a saiwa.

Kada a miƙa baki ga mai yawo da jaka a kasuwa. Kayan aikin da ba a dafa ba suna ɗaukar ciwon hanta da cutar ƙanjamau daga wani zuwa wani. Araha ba ta ado.

Me Ya Sa Ake Barin Baƙin Ciko?

Dalilin shi ne zaiba. Zaiba guba ce in ta shiga ruwa da ƙasa. A garin Minamata na ƙasar Japan, wata masana'anta ta riƙa zubar da ita a teku. Mutane suka ci kifin wurin, da yawa suka nakasa, wasu suka mutu. An gano cutar a 1956. Saboda haka a 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage amfani da zaiba, suka sa mata sunan garin. Nijeriya ta amince da ita a 2018. A 2022 aka yarda a guji sa baƙin ciko ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu juna biyu, da masu shayarwa. A taron da aka yi a watan Nuwamba na 2025 kuma, aka tsayar da shekarar 2034 domin daina yin sa da cinikinsa.

Wanda ke da tsohon baƙin ciko kada ya tsorata. In yana nan lafiya, bai tsage ba, ba ya ciwo, likitoci sun ce a bar shi. Ƙwaƙule shi ba dalili yana rage lafiyayyen haƙori.

Ina Za A Je?

A fara da asibitin da ya fi kusa. Mutanen Jama'a, da Getso, da Kutama, da Lakwaya suna iya tambaya a Babban Asibitin Gwarzo. Na Garo, da Gude, da Durun suna iya tambaya a asibitin Kabo. Ma'aikata za su duba, su faɗi inda ya kamata a je. A birnin Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne. A yi sammako. A tambayi kuɗin aikin kafin a fara. A kuma tambayi likita wane irin ciko ne ya dace da wannan haƙorin, domin shi ya ga ramin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga rami a haƙorinsa, in ya sayar da amfanin gona da kaka, ya ware kuɗin gyara tun ciwo bai tashi ba. Magidanta su tuna da matansu da 'ya'yansu. Mata da yawa suna haƙuri da ciwon haƙori a cikin gida ba su faɗa ba.

Rigakafi Ya Fi Magani

A goge baki sau biyu kullum, da safe da kuma kafin barci, na minti biyu. A yi amfani da buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Wannan sinadari yana ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfi. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa nan take. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a sa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake.

Aswaki sunna ne, kuma yana fitar da dauɗa. A riƙa kai shi har turamen ƙurya, ciki da waje. A daina dirza haƙori da gawayi, ko toka, ko yashi, domin suna cinye ɓawon.

A rage zaƙi. Yawan tsotson alewa daga safe zuwa yamma ya fi cinye ta a lokaci ɗaya ɓarna. Kada a bar yaro ya yi barci da alewa a baki.

Iyaye su lura da wannan. Yaro yana ɗan shekara 6, wani turmi yakan fito a can ƙurya, bayan haƙoran farko. Ba ya famfara, na dindindin ne. Da yawa sukan ɗauka na yarinta ne, su bar shi ya ruɓe. A riƙa buɗe bakin yara a hasken rana ana dubawa ko sau ɗaya a wata.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa na gida da maƙwabta. Allah ya ƙara lafiya, amin.

Tambayoyi Domin 'Yan Aji

1. Haƙora nawa babban mutum yake da su?
2. Me ke huda haƙori?
3. Faɗi fa'ida biyu ta farin ciko.
4. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti a ranar?